Baki Biyu

Kawu Siamupa yakan ce kifi duk kifi ne
ga wanda bai taɓa jiƙa wandonsa ba.
Mu da muka tashi a bakin Kariba,
inda busassun itatuwa ke tsaye cikin ruwa har wuya
tun shekarar da madatsa ta haɗiye gonakin kakanni,
mun san akwai tsage, akwai karfasa,
kuma zaman tafki ɗaya bai sa sun zama 'yan ɗaki ɗaya ba.

Tsage ba ya sallama.
Kana zaune, inji a kashe, kana ɓare gyaɗa,
sai sanda ta rusuna kamar ta ga suruki,
zare ya ɗauki kuka.
Kafin ka miƙe ya tashi sama,
azurfa mai ratsin baƙi, wutsiya ja kamar garwashi,
ya girgiza kai sau ɗaya, sau biyu,
ya tofo maka ƙugiyarka, ya yi gaba.
Cikin goma da suka ciza, in uku sun shigo jirgi, gode wa Allah.
Haƙoransa a waje suke ko da bakin na rufe,
shi ya sa muke ɗaura waya kafin ƙugiya.
Ɗan yatsan kawu na hagu guntu ne.
Kada ka tambaye shi, sai rana ta faɗi bai gama ba.

Gwaggo Choolwe ba ta da jirgi.
Gora gare ta, da gwangwanin tana,
da wani dutse nesa da hanyar dorina.
Karfasa ba ta fizga.
Taɓawa take, ta ja baya, ta sake taɓawa,
kamar mai taya kaya babu kuɗi a hannu.
In ka yi tari, ta tafi.
In inuwarka ta faɗa ruwa, ta tafi.

Baƙi kan zo daga Lusaka da faffaɗan huluna,
su biya kuɗin mai don tsage kaɗai.
Su ɗaga shi, a ɗauki hoto, su mayar,
don namansa ƙaya ce zalla, allurai cikin auduga.
Da dare kuma karfasar gwaggo suke ci,
soyayya, da gishiri da tuwon masara,
suna lasar yatsu suna labarin wanda ya kuɓuce.

Ina shekara goma sha biyu na kamo wata.
Ba ƙugiya ba, a 'yar koma ta faɗo,
cikinta a shafe, haɓarta a kumbure.
Na matse ta kaɗan, sai ga 'ya'ya
suna zubowa a tafina kamar tsabar gero mai idanu.
Gwaggo ta riƙe mini wuyan hannu.
Ta ce, mayar da ita, Munsaka, a hankali.
Kwana da kwanaki ke nan ba ta ci komai ba,
bakin da za ta ci da shi ta mayar ɗaki.

Yanzu ni ke tuƙa jirgin, kawu ya koma gyaran zare.
Duk wanda na ɗauko sai ya tambaya wanne ya fi.
Nakan ce tsage zai ba ka labari,
karfasa za ta ba ka abincin dare.
Sai su yi dariya, mu wuce.

Abin da ba na faɗa musu
shi ne daidai wurin nan da nake kashe inji,
kusa da itacen da gaggafa ke sauka,
akwai garinmu a ƙasa, da rumbuna, da makabarta.
Ruwa ya zo mana irin zuwan tsage.
Gwaggo ce ta fito da sunayen a baki,
na gonaki, na rafuka, na waɗanda aka bari a kwance,
ba ta haɗiye ko ɗaya ba,
har muka yi girman da za ta sake mu.